Fuko da Kunyar Bahaushe: Sharhi Kan Littafin da Ake Koyar da Darasin Sha'awa da Shi a Jami'a

A sassan nazarin zamantakewar al'umma, wato soshiyoloji, na jami'o'in Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai, akwai darasin da ɗalibi kan zaɓa a kan jima'i da sha'awa a cikin al'umma. Jin sunan kawai ya isa ya sa Bahaushe ya sunkuyar da kai, wani ma ya ce, yanzu har batsa aka mayar abin neman digiri? Amma duk wanda ya duba jerin littattafan darasin zai ga ba ruwansu da abin da ke faruwa bayan an saki labule. Tambayoyin da suke yi su ne: wa aka yarda ya auri wa, a shekara nawa, da izinin wa? Idan an saɓa wa ƙa'ida, wa ake hukuntawa, wa ake kawar wa da kai? Me ya sa idan ciki ya bayyana ba aure, sunan yarinya ke yawo a unguwa, na saurayin kuwa ya ɓace? Waɗannan tambayoyi ne na iko da dukiya da mutunci, kuma babu gidan da ba su taɓa shi ba.

Da wuya a ga jerin littattafan wannan darasi babu wani ɗan ƙaramin littafi na masanin falsafar nan Bafaranshe, Michel Foucault, wanda ake furta sunansa Mishel Fuko. An haife shi a 1926, ya rasu a Faris a 1984. Littafin shi ne juzu'i na farko na aikinsa kan tarihin sha'awa. Ya fito da Faransanci a 1976, fassararsa ta Ingilishi mai suna The History of Sexuality ta biyo baya a 1978. Hukuncina a kansa shi ne: littafi ne da ya iya tambaya, kuma tambayarsa ta shafe mu, amma amsoshinsa na Turai ne, kuma akwai wurare uku da ya yi tuntuɓe, waɗanda ɗalibin da ya tashi a Kano ko Maraɗi zai fi malaminsa na Landan saurin gani.

Kafin Fuko, masu wannan fanni ƙidaya suka sa a gaba. Alfred Kinsey, malamin ilimin dabbobi a Jami'ar Indiyana wanda ya yi shekaru yana nazarin wani ƙwaro dangin zanzaro, ya koma yi wa mutane tambayoyi kan rayuwarsu ta sirri. A 1948 ya fitar da rahoto kan maza kimanin 5,300, a 1953 kuma ya fitar da na mata kusan 6,000, dukkansu farar fata. Rahotannin sun girgiza Amurka, domin sun nuna tazarar da ke tsakanin abin da mutane ke faɗa a bainar jama'a da abin da suke aikatawa. Masana ƙididdiga sun soki hanyar da ya bi wajen zaɓen mutanensa, musamman yawan fursunoni da masu kawo kansu da kansu. Daga baya wasu masana biyu da suka yi aiki a cibiyarsa, John Gagnon da William Simon, suka fitar da Sexual Conduct a 1973. Hujjarsu ita ce jiki shi kaɗai ba ya gaya wa mutum da wa, yaushe, ko a ina; al'umma ce ke rubuta masa wannan kamar yadda ake rubuta wa ɗan wasan kwaikwayo rawar da zai taka. Wanda ya san tsarin zance a ƙofar gida, da toshi, da gaisuwar iyaye, da kayan lefe, ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Fuko ya zo ne da wata tambaya dabam. A lokacinsa, abin da kowa ya yarda da shi a Turai shi ne cewa daga ƙarni na 17, musamman a zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, an danne zancen jima'i, an kulle shi a ɗakin ma'aurata, sai a shekarun 1960 aka fara samun 'yanci. Fuko ya ce a sake duba takardun. A ƙarnukan da ake cewa an yi shiru, likitoci sun cika littattafai da bayanin cututtukan sha'awa. Masu gina makarantun kwana sun tsara ɗakunan barci da jerin gadaje ta yadda za a sa wa yara ido. Gwamnatoci sun fara ƙidayar haihuwa da aure da shekarun aure, saboda sun gane yawan jama'a shi ne yawan soja da leburori da masu biyan haraji. Ashe surutu ne ya ƙaru, sai dai an canza masu izinin yin sa da kalmomin da za su yi shi da su.

Ya kai asalin wannan ɗabi'a ga cocin Katolika, wadda a babban taronta na 1215 ta wajabta wa kowane mabiyi ya je gaban fada aƙalla sau ɗaya a shekara ya furta zunubansa. A ganinsa, wannan furuci ne ya tashi daga coci ya koma ɗakin likita da kotu da ofishin likitan ƙwaƙwalwa, har Bature ya saba da cewa gaskiyar ko shi wane ne tana ɓoye a cikin sha'awarsa, kuma sai ya faɗa wa gwani kafin ya san kansa. Daga nan ya kawo hujjarsa da ta fi shahara: a da shari'a tana hukunta aiki ne, wane ya aikata kaza, daga wajen 1870 likitoci suka fara mayar da mai aikin wani nau'in mutum na daban, mai suna da tarihi da siffa. Iko, in ji shi, ba hani kaɗai yake yi ba. Yana raɗa suna, yana rarraba mutane gida-gida, yana sa su riƙa kallon kansu da idonsa.

A nan ne littafin ya fi amfani ga mai karatu Bahaushe. Mu ma muna da labarin da muke ba kanmu, cewa mu mutanen kunya ne, ba ma irin wannan magana. Gaskiya ne mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kuma uba da 'yarsa ba sa zama su tattauna balaga. Amma a je tashar mota a saurari lasifikar mai maganin basir da sanyin mara, a ji abin da yake zayyanawa tsakar rana a gaban yara da manya. A duba kasuwar kayan mata a Instagram da WhatsApp, da masu gyaran jikin amare, da tambayoyin da ake aika wa malamai a filayen fatawa na rediyo, da littattafan da ake sakewa babi-babi a zaurukan waya. Ko kafa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano a 2001, wadda daga baya ta sa ido har kan marubuta, shaida ce cewa maganar tana da yawa. Tambayar Fuko ita ce: wa aka ba lasifika, wa aka ce ya yi shiru? Mai talla yana faɗin abin da ya ga dama don ya sayar da gari a ƙulli, matar aure kuwa tana iya shekara tana fama da ciwo ba ta iya buɗe baki ta gaya wa likita ba. Kunyarmu ba daidai aka raba ta ba, kuma wanda ya karanta Fuko zai daina ɗaukar wannan rabo a matsayin halitta.

Tuntuɓe na farko ya zo ne a inda Fuko ya raba duniya gida biyu. Ya ce wasu al'ummomi sun mayar da jima'i fasahar jin daɗi da gwani ke koya wa almajirinsa a asirce, ya lissafa Sin da Japan da Indiya da Rum ta dā da ƙasashen Larabawa Musulmi. Turai ce kaɗai, a cewarsa, ta mayar da shi ilimi mai rarrabewa da ƙa'idoji da bincike. Duk yaron da ya yi makarantar zaure zai yi murmushi. Ahalari, wanda ake fara karatun fikihu da shi, yana da bayanin janaba da haila da jinin biƙi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 10, tana gama babin aƙida sai ta shiga bambance maniyyi da maziyyi da wadiyyi, da hukuncin kowanne. Littattafan Malikiyya sun yi ƙa'idar idda, da haƙƙin kwana tsakanin kishiyoyi, da aibobin da ke ba mace ko namiji damar raba aure, da wa'adin da alƙali ke ba mijin da ya kasa. Imam Gazali ya ware wa ladubban aure littafi guda a cikin Ihya. Idan wannan ba rarrabewa da ƙa'ida ba ne, to mene ne?

Da alama hoton da Fuko ya ɗauka na Musulmi irin wanda Turawan ƙarni na 19 suka zana ne, waɗanda suka fi sanin littafin Shehu Nafzawi na Tunis, wanda Richard Burton ya fassara zuwa Ingilishi a 1886, fiye da yadda suka san Muhtasar. Abin da ya ƙara wa kuskuren nauyi shi ne, shekara ɗaya kafin littafinsa, a 1975, masanin zamantakewa ɗan Tunisiya Abdelwahab Bouhdiba ya fitar da littafi da Faransanci kan jima'i a Musulunci, kuma a shekarar ce Fatima Mernissi ta Maroko ta fitar da Beyond the Veil. Fuko kansa ya koyar a Jami'ar Tunis a ƙarshen shekarun 1960. Ba rashin hanya ne ya hana shi sani ba.

Wannan kuskure ba ƙaramin gyara yake buƙata ba, domin ya taɓa ginshiƙin littafin, wato furuci. A tsarin da Fuko ya bayyana, ana mallakar mutum ne ta hanyar sa shi ya faɗa. A tsarin Musulunci kuwa babu fada tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma abin da aka fi kwaɗaitarwa shi ne sitiri. Tabbatar da zina na buƙatar shaidu huɗu, wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba bulala tamanin ce a kansa. A ƙissar Ma'izu da ya zo ya furta laifinsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta kawar da kai daga gare shi. Daga wannan tushe da al'adar gida Bahaushe ya gina abin da yake kira rufin asiri, har ya zama addu'ar da ake yi wa juna kullum. Mai binciken da ya zo da ma'aunin Fuko yana neman masu furuci zai koma ya rubuta cewa mutanen nan a danne suke, alhali wata dabara ce ta zama da juna ya kasa karantawa.

Kathryn Rhine, wadda ta yi bincike a tsakanin mata masu ɗauke da cutar ƙanjamau a arewacin Nijeriya, ta fahimci haka a littafinta The Unseen Things na 2016. Ta nuna yadda matan ke amfani da sirri da kwalliya da kyautata mu'amala su tsare mutuncinsu, da yadda ƙungiyoyin masu cutar suka zama wurin neman abokin aure. Ga waɗannan mata, shiru garkuwa ce. Haka nan Rudolf Gaudio, a littafinsa na 2009 kan 'yan daudu a Kano, ya ga cewa sunayen da Turawa suka raɗa wa nau'o'in mutane ba su hau kan yadda waɗannan mutane ke kallon kansu ba. Sai dai rufin asiri wuƙa ce mai kaifi biyu. Kalmar da ke ceton bazawara daga bakin mutane ita ce ake faɗa wa uwar yarinyar da aka yi wa fyaɗe, a ce ta bar maganar don kada a ɓata sunan gida. Nazarin da zai amfane mu shi ne wanda zai tambaya, asirin wa ake rufawa, kuma wa ke biyan kuɗin rufin?

Tuntuɓe na biyu shi ne mulkin mallaka. Fuko ya rubuta tarihin Turai ta ƙarni na 18 da na 19 kamar ba ta da daula a ƙetaren teku. Ann Laura Stoler, wadda ta yi bincike kan mulkin Holan a Indunusiya, ta ware littafi guda a 1995 kan wannan giɓi. Ta nuna cewa tunanin Bature kan tsabtar jini da tarbiyyar yara da mutuncin matar gida ya ginu ne yana kwatanta kansa da waɗanda yake mulka. Misali ɗaya ya isa: a 1909 sakataren harkokin mulkin mallaka na Birtaniya, Lord Crewe, ya aika wa jami'ansa takardar gargaɗi cewa ajiye matan 'yan ƙasa a matsayin ƙwaraƙwarai zai iya jawo wa mutum asarar aikinsa. Ga gwamnati tana tsara shimfiɗar ma'aikatanta don tsare martabar mulki, irin abin da Fuko ke nema ke nan, amma bai leƙo ba.

Illar wannan rashi ta wuce aji. Lokacin da ƙanjamau ta bazu, John Caldwell da abokan aikinsa sun wallafa wata maƙala a 1989 da ta yi iƙirarin cewa Afirka kudu da Sahara tana da wani tsarin jima'i nata na daban, mai sassauci. Masana da dama sun yi mata raddi, saboda ta cusa ɗaruruwan al'ummomi a buhu ɗaya, amma ta yi tasiri a kan yadda aka riƙa kallon cutar a nahiyar. Don maganin irin wannan ne Sylvia Tamale ta Jami'ar Makerere ta tattara rubuce-rubucen African Sexualities a 2011, da jam'i a sunan, don a san ba abu ɗaya ba ne.

Tuntuɓe na uku shi ne mafi muni. A cikin littafin Fuko ya kawo labarin wani leburan gona mai raunin hankali a wani ƙauyen Faransa mai suna Lapcourt, wanda a 1867 aka kai ƙararsa saboda abin da ya yi da wata ƙaramar yarinya. Daga magajin gari aka miƙa shi ga 'yan sanda, daga nan sai alƙali, sai likitoci, aka ƙare da tsare shi a asibiti har ƙarshen rayuwarsa. Abin da ya dami Fuko shi ne yadda hukuma da likitoci suka taru a kan abin da shi ya ɗauka ɗan ƙaramin al'amari ne na ƙauye. Yarinyar kuwa ko sau ɗaya bai tsaya ya tambayi halin da ta shiga ba. Linda Alcoff ta yi masa kakkausar suka a kan wannan a 1996, kuma tana da gaskiya. Mutumin da ya koya wa duniya tambayar wa aka hana magana, shi ne ya wuce yarinya a gefen gona bai ji shirunta ba. Malamin da ya koyar da wannan littafi ya tsallake wannan shafi ya ci amanar ɗalibansa, domin a nan ne ake ganin iyakar ra'ayin da ke zargin kowace doka da kowane likita. Wani lokaci dokar ita ce kaɗai abin da mai rauni yake da shi.

Wannan makanta ba a shafi ɗaya ta tsaya ba. Mata a littafin abin bincike ne a hannun likitoci, ba a jin bakinsu. A kwatanta shi da Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙe 'ya'yan dangi. Ta yi bayanin tsarance da ƙawance da zaman kishiyoyi da jawarci da karuwai da 'yan bori, da yadda mace ke fita daga auren da ba ta so. Ba ta san kalmar soshiyoloji ba, amma ta san wa ke da iko a kan wa, da ƙofofin da mai rauni ke bi ya kuɓuta. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, inda auren wuri da sakin wulaƙanci suka samu fuska da suna.

Ta fuskar salo, littafin gajere ne amma ba ya karantuwa da sauƙi. Fuko yana son ya shimfiɗa ra'ayin da zai rushe a shafuka da yawa, da murya mai kama da yarda, har mai karatu ya ɗauka nasa ne, sannan ya juya. A waya, inda ake karatu ana leƙa saƙo, wannan tarko ne. Hujjojinsa na tarihi kuma 'yan kaɗan ne idan aka auna su da girman iƙirarinsa. Shi kansa ya ɗauki juzu'in a matsayin gabatarwa ga wasu biyar da ya yi niyya, amma ya sauya hanya. Biyun da suka fito a 1984 sun koma Girka da Rum ta dā, na huɗu kuma kan Kiristocin farko sai a 2018 aka buga shi, shekara 34 bayan rasuwarsa.

Duk da haka ban ga dalilin da zai sa ɗalibinmu ya guje shi ba, ko a jami'ar waje yake ko a ta gida. Wanda ya ƙi nazarin yadda al'ummarsa ke tsara aure da sha'awa bai hana a yi nazarin ba. Ya dai bar wa baƙo ne ya yi, ya rubuta rahoto, a gina manufar lafiya da ta ilimi a kansa. Likitan da ke ɗinkin yoyon fitsari, da alƙalin da ke sauraron ƙarar raba aure, da malamar da ɗalibarta ta daina zuwa aji ba bayani, duk suna aiki ne a cikin wannan fanni ko sun sani ko ba su sani ba. A karanta Fuko a ɗauki tambayarsa, a ajiye Risala a dama, Baba a hagu, kuma idan aka iso shafin Lapcourt a dakata, a yi wa yarinyar tambayar da shi bai yi mata ba.